Columbo a Gida: Faifan DVD, Blu-ray, ko Kallo ta Intanet?

Shirin Columbo ya fara ne a 1968 da fim ɗin talabijin guda ɗaya, aka rufe shi a 2003, kuma a tsakanin waɗannan shekaru an yi fitowa 69, kowacce da labarinta: guda 45 a tashar NBC ta Amurka zuwa 1978, sai guda 24 a tashar ABC daga 1989. Richard Levinson da William Link ne suka ƙirƙiro shi, Peter Falk kuma shi ne ya fito a matsayin Laftanar Columbo, ɗan sandan ciki na sashen binciken kisan kai a birnin Los Angeles, mai yamutsattsiyar rigar ruwa da guntun sigari da tsohuwar mota ƙirar Peugeot 403. Falk ya rasu a 2011, amma kamfanoni ba su daina sake buga shirin ba, masu saye ma ba su ƙare ba. Wanda ya yi niyyar mallakarsa a yau yakan tsaya yana wasiwasi tsakanin kwalin DVD da ya daɗe a kasuwa, da sabon bugun Blu-ray, wato faifan da ya fi DVD kyan hoto, da kallo ta intanet, da kuma kwafen da ake turawa a waya ko a filas.

Kafin a auna waɗannan hanyoyi, ya kamata a fahimci irin shirin da za a kashe wa kuɗi, domin tsarinsa ne ke nuna hanyar da ta fi dacewa da shi. A yawancin finafinan bincike, ana ɓoye mai laifi ne sai ƙarshe, saboda haka wanda ya kalla sau ɗaya ya gama da su. Columbo ya juya wannan tsari. In ban da fitowa ƙalilan, a farkon labari ake nuna wanda ya yi kisan, da yadda ya tsara shi, da yadda ya ɓatar da sawu, kuma sau da yawa Columbo ba ya bayyana sai an shafe minti 15 ko 20. Abin da mai kallo yake bi shi ne yadda wannan mutum mai kama da wanda bai san abin da yake yi ba zai riƙa zagaya wani attajiri ko shahararren likita ko marubuci da ƙananan tambayoyi, ya yi sallama ya nufi ƙofa, sannan ya juyo ya ce saura abu ɗaya. Tunda babu sirrin da zai fashe, sanin ƙarshen labari ba ya rage daɗinsa, a karo na biyu ma mutum ya fi lura da lokacin da Columbo ya fara zargi. Shiri ne na maimaici, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa batun mallaka yake da nauyi a nan fiye da yadda yake a wasu shirye-shiryen.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Ma'auni na farko shi ne cikar kaya, wato ko abin da aka saya ya ƙunshi fitowa 69 ɗin duka ko wani ɓangare ne kawai. Zamanin NBC ya ƙunshi finafinan gwaji biyu, na 1968 da na 1971, da zango bakwai masu fitowa 43. Yawancin masu son shirin sun fi fifita wannan zamani, kuma suna da hujja, domin a cikinsa ne shahararren mai ba da umarnin finafinai Steven Spielberg, tun yana matashi, ya ba da umarnin fitowar da aka buɗe zangon farko da ita a 1971, a cikinsa ne kuma Jack Cassidy da Robert Culp da Patrick McGoohan da Donald Pleasence suka fito a matsayin masu kisa. Zamanin ABC yana da nasa masu kyau, amma ingancinsa hawa da sauka yake yi. Wanda zai wadatu da na farkon ba sai ya biya kuɗin duka ba.

Na biyu shi ne kyan hoto da sauti, tare da rubutun ƙasan allo. A shirin barkwanci ana iya haƙuri da hoto mai hazo, amma a Columbo hujjar da ake kama mutum da ita sau da yawa ƙaramin abu ce. A wata fitowa ta 1974, abin da ya taimaka wajen tona asirin mai kisa shi ne ɗaurin igiyar takalmin mamaci: Columbo ya lura cewa madaukin igiyar ya faɗa ɓangaren da ba zai faɗa ba in da mutum da kansa ya ɗaure takalminsa, wanda ke nuna cewa wani ne ya tsuguna a gabansa ya ɗaure masa. Idan hoton ya dushe har ba a rarrabe igiya da fatar takalmi, mai kallo sai dai ya yarda da abin da aka gaya masa, bai gani da idonsa ba. Haka batun rubutun ƙasan allo yake. Columbo yana magana ne ƙasa-ƙasa, da karin harshen mutanen New York, sigari a baki, yana fara zance ya bar shi ya shiga labarin matarsa da ba a taɓa nunawa ba, kuma a cikin wannan surutu ne tarkon yake. Ga wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne, bugun da ba shi da rubutu ya yi asarar rabin amfaninsa.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi, da ɗorewa, da sauƙin amfani, da haɗari. A batun kuɗi ba farashin kwali kaɗai ake dubawa ba, har da kuɗin aikowa daga waje, da na kwastan, da na na'urar da za ta kunna faifan, ko na datar da za a ƙona. Haɗari kuwa iri biyu ne: kaya ya iso ya ƙi kunnuwa, ko kuma a wayi gari abin da aka biya wa kuɗi ya ɓace.

Kwalin DVD

Kamfanin Universal, wanda shi ne mai shirin, ya fara fitar da shi a faifan DVD zango-zango a 2004, sannan a 2012 ya haɗa duka a kwali ɗaya na faifai 34 a Amurka. Bugun Ingila na dunƙule yana da faifai 35. Da yake an daɗe ana buga su kuma an sayar da su da yawa, farashinsu ya sauka sosai, musamman na gwanjo, kuma a cikin halaltattun hanyoyin mallakar shirin gaba ɗaya babu wadda ta kai wannan araha. Na'urar DVD ma ba ta da tsada, gidaje da yawa suna da ita a ajiye, kuma tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna zuwa da mazubin faifai.

Hoton DVD yana da layi 480 a bugun Amurka, 576 a bugun Turai, kuma yawan layin ne ke nuna tsabtar hoto. A talabijin mai inci 32 ko ƙasa da haka wannan ya wadatar, kuma tunda an ɗauki tsofaffin fitowar ne da siffar allon talabijin na da, mai faɗi 4 da tsayi 3, za a ga baƙin fili a dama da hagu. Kada a matsa maɓallin da ke shimfiɗa hoton ya cika allo, domin yana mayar da kowa gajere mai faɗi. A talabijin mai inci 50 zuwa sama ne rauninsa yake fitowa: gefen abubuwa ya yi laushi, wuraren duhu su cakuɗe, rubutun da ke jikin takarda ko ambulan ya yi wuyar karantuwa. Akwai kuma wani ɗan bambanci da ba kowa ya san da shi ba. An ɗauki shirin ne a kan hoto 24 a daƙiƙa, tsarin Turai kuma yana tafiya a kan 25, saboda haka bugun Ingila da na Faransa suna gudu da kusan kashi 4 cikin 100 fiye da asali, fitowar minti 95 ta koma kamar 91, murya kuma takan ɗan ƙara tsini. Mafi yawan mutane ba za su lura ba, amma mai kunnen kiɗa zai iya ji.

Babban haɗarin DVD shi ne lambar yanki. An raba duniya gida shida: Amurka da Kanada lamba 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya lamba 2, yawancin ƙasashen Afirka, har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, lamba 5. Na'urar da aka kulle a kan lamba ɗaya ba za ta karɓi faifan wata lambar ba. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne da yawa daga cikin na'urori masu araha da ake sayarwa a kasuwanninmu a buɗe suke zuwa, suna karɓar kowane faifai, sai dai manyan sunaye sun fi yawan zuwa a kulle. Hanya mafi tabbas ita ce a gwada na'urar da wani faifan waje na asali kafin a yi odar kwali mai faifai fiye da 30. A kwamfuta kuwa, mazubin faifai yakan ba da damar canza lambar yanki sau biyar kawai, daga nan ya tsaya a kan ta ƙarshe, don haka ba abin wasa da shi ba ne.

A fannin ɗorewa, faifan da kamfani ya buga yana iya shafe shekaru da dama idan an kiyaye shi daga abubuwa uku: zafi, da ƙura, da ƙarzuwa. Faifan da aka bari a mota da rana yana iya lanƙwashewa, ƙurar hunturu kuma tana shiga idon na'ura ta sa faifai ya riƙa tsalle ko ya tsaya cak. Mai sayen gwanjo ya tambayi mai sayarwa ko faifan sun cika kuma ko an duba bayansu, domin kwali mai faifai 34 da ya rasa guda ɗaya ya rasa fitowa biyu ko uku ke nan, kuma samun guda ɗayan shi kaɗai yana da wuya.

Ga masu karatu na Nijar da Kamaru da Chadi akwai wata fa'ida ta musamman a bugun Faransa. Columbo ya samu karɓuwa ƙwarai a can, kuma muryar Serge Sauvion, wanda ya daɗe yana yi wa Falk magana da Faransanci, ta zama ita ce Columbo a kunnen mutane da yawa. Wanda Faransanci ya fi masa sauƙi ya nemi wannan bugu, ya kuma duba bayan kwali ya tabbatar da harsunan da ke ciki.

Bugun Blu-ray

An ɗauki Columbo ne a kan fim mai milimita 35, irin wanda ake ɗaukar finafinan silima da shi, ba a kan kaset ɗin bidiyo ba. Wannan ne ya sa sabunta shi yake da ma'ana, domin fim ɗin yana riƙe da bayanin hoto da talabijin ɗin 1970 ba ta iya nunawa, DVD ma ba ta iya ɗauke shi duka ba. Japan ce ta riga kowa fitar da shi a Blu-ray a 2011. A ƙarshen 2023 kamfanin Kino Lorber na Amurka ya fitar da zamanin NBC a kwali mai faifai 20, daga sabon kwafen da aka yi da ingancin 4K, wato hoto mai tsabta ƙwarai, sannan a 2024 ya biyo da zamanin ABC a kwali na daban. Wannan rabuwa tana da amfani ga mai saye, tunda yana iya ɗaukar na farko ya bar na biyu.

Hoton Blu-ray yana da layi 1080, kuma faifai ɗaya yana ɗaukar gigabait 25 ko 50, alhali DVD ba ta wuce 4.7 ko 8.5 ba. A aikace, abin da wannan yake nufi shi ne a ga saƙar rigar ruwan Columbo da tabon da ke jikinta, a ga tokar sigarin da ke shirin zuba a kan kafet ɗin mai gida, a karanta abin da ke rubuce a takardar da aka ajiye a tebur. Gidajen attajiran Los Angeles na wancan zamani, da labulensu da kujerunsu masu launin lemo da ruwan ƙasa, wani ɓangare ne na labarin, domin bambancin da ke tsakanin wannan ƙawa da shigar Columbo shi ne yake sa masu laifi su raina shi har su saki baki. Haka nan fuskar Falk: an cire masa idon dama yana ɗan shekara uku saboda cutar daji, ya rayu da idon gilashi, kuma wannan kallo nasa na gefe, da ba a sanin inda ya dosa, ya fi fitowa a hoto mai tsabta. A ganina duk wanda ya kalli fitowa ɗaya a haka a kan babban allo zai ji wuyar komawa DVD. Shi ma hoton yana tafiya ne a kan saurinsa na asali, babu ƙarin gudun da aka ambata a sama.

Sai dai kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Kwalayen biyu a haɗe sun fi kwalin DVD tsada nesa ba kusa ba, ga shi kuma ba a cika samun na gwanjo ba tukuna. Na'urar Blu-ray ma ba ta yaɗu a wurarenmu kamar ta DVD ba, ko da yake wanda yake da PlayStation 3 ko 4, ko 5 mai mazubin faifai, ya riga ya mallaki na'ura. Lambar yanki a nan haruffa ce: A ta ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya, B ta ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya, C kuma sauran Asiya. Bugun Kino Lorber na yankin A ne, kuma kullen Blu-ray ya fi na DVD tsauri, ba a cika samun na'urar da ta zo a buɗe ba. PlayStation ma tana bin yankin ƙasar da aka yi ta dominta a wajen kunna finafinai. Wanda na'urarsa ta fito daga Ingila ko Dubai ya nemi bugun Turai mai harafin B, domin an fitar da shirin a can ma. Wanda tasa ta fito daga Amurka ya ɗauki mai harafin A. Duba wannan harafi guda a bayan kwali shi ne bambanci tsakanin kallo da ajiye faifai 20 a matsayin ado.

Idan kuma za a sayo na'urar daga Amurka ne don ta dace da faifan, to a tuna cewa wutarsu bolt 120 ce, tamu kuma 220 zuwa 230. Wasu na'urorin suna karɓar duka biyun, wasu kuwa ana jona su za su ƙone, sai an haɗa su da taransfoma mai rage ƙarfin wuta. Bayanin yana rubuce a bayan na'urar, kusa da inda waya take fita.

A ɗorewa Blu-ray ta ɗan fi, saboda ana shafa wa fuskarta wani tauri da ke kare ta daga ƙarzuwa. Amma idan ta ƙarzu da gaske, gyaranta ya fi wuya, tunda bayanan suna kusa da fuskar faifan.

Kallo kai tsaye ta intanet da sayen kwafen dijital

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga wanda take buɗe masa: babu kwali, babu jiran kaya, babu na'ura sai waya ko talabijin mai intanet. Matsalar ita ce ba kowa take buɗe wa ba. Manhajar Peacock, wadda ta kamfanin da ya mallaki shirin ce, don mazauna Amurka aka yi ta, kuma sauran manhajojin suna ɗaukar shiri ne bisa yarjejeniya ta wani lokaci da ta wasu ƙasashe, yau yana nan, bayan wata shida babu shi. Wasu lokutan ma zangon farko-farko kawai ake sakawa. Saboda haka kafin a biya kuɗin wata domin Columbo, a bincika daga ƙasar da ake zaune ko yana cikin jerin, kuma fitowa nawa ce.

Sai lissafin data, wanda shi ne ainihin farashin wannan hanya. Kowace fitowa tana tsakanin minti 70 da 98, jimillarsu ta kusa awa 100. Hoto mai inganci yana iya cin gigabait 3 a awa, matsakaici kuma kusan gigabait 1. Ke nan kallon shirin duka sau ɗaya zai ci wajen gigabait 300 a babban inganci, ko kusan 100 a matsakaici, kuma duk maimaici sabon biya ne. Ga shirin da aka ce daɗinsa a maimaici yake, wannan lissafi ba ya goyon bayan intanet, sai fa ga wanda yake da layin gida marar iyaka. Ga kuma yankewar sabis: babu abin da ya kai tsayawar hoto takaici a daidai lokacin da Columbo ya zaro hujjarsa daga aljihu.

Sayen kwafen dijital daga shagunan intanet irin na Apple ko Amazon ya fi kuɗin wata kusa da mallaka, amma bai kai ta ba. Abin da ake saya izinin kallo ne da ke rataye da asusun mutum da ƙasar da aka buɗe shi, ba kaya ba ne da za a ba wa ɗan'uwa aro ko a bar wa magada. A Disambar 2023 kamfanin Sony ya sanar da masu PlayStation cewa zai cire musu shirye-shiryen tashar Discovery da suka riga suka saya saboda ƙarewar yarjejeniya. Daga baya an sasanta aka janye matakin, amma sanarwar ta nuna wa kowa a hannun wa igiyar take.

Kwafen turawa da faifan da aka cusa wa finafinai da yawa

Ba za a yi wannan kwatance a tsallake su ba, tunda su ne suka fi kusa da hannu. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma babu batun lambar yanki. Amma araha ba ta ado. Domin a cusa fitowa 10 ko 12 a faifai guda, ko a rage nauyinsu su shiga memorin waya, sai an matse hoton har duhu ya zama dunƙulen baƙi, sauti ya riƙa rigan baki ko ya biyo baya. Sau da yawa babu rubutun ƙasan allo, ko kuma a samu wanda na'ura ta fassara ya fi rashinsa rikitarwa. Jerin fitowar yakan cakuɗe, wasu a maimaita su, wasu a rasa su, wasu kuma a yanke musu ƙarshe, wanda a Columbo daidai yake da a ce ba a kalla ba. Faifan da aka ƙona a kwamfuta bai kai wanda kamfani ya buga ƙarko ba, filas ɗin da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta kuma hanyar shigar ƙwayar cutar na'ura ce. Bayan wannan duka, satar fasaha ce, irin wadda masu shirya finafinan Hausa suka daɗe suna kuka da ita, kuma kasancewar mai kayan yana nesa bai canza sunanta ba.

Kaset ɗin VHS kuwa ya zama kayan masu tara tsofaffin abubuwa. An daina ƙera na'urarsa tun 2016, zarensa yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, kuma ba hanyar kallo ba ce a yau.

Kwatance a taƙaice

| Hanya | Kuɗi | Kyan hoto | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwalin DVD | Kaɗan zuwa matsakaici, biya ɗaya | Ya wadatar a ƙaramin allo | Shekaru masu yawa in an adana | Mai sauƙi, na'ura a wadace | Lambar yanki, ɓatan faifai a na gwanjo |
| Blu-ray | Mai yawa, biya ɗaya | Mafi kyau | Ta ɗan fi DVD | Sai da na'ura ta musamman | Harafin yanki, ƙarfin wuta |
| Kallo ta intanet | Kuɗin wata da data, kullum | Ya danganta da sabis | Babu tabbas | Mafi sauƙi in akwai shi | A cire shirin, ko ba ya samuwa a ƙasar |
| Kwafen dijital na saye | Matsakaici zuwa mai yawa | Mai kyau | Rataye da asusu | Mai sauƙi | Ƙarewar yarjejeniya, kullewar asusu |
| Kwafen turawa | Kaɗan ƙwarai | Rarrauna | Gajere | Mai sauƙi | Rashin cika, cutar na'ura, satar fasaha |

Wace hanya ce ta dace da wa

Wanda bai taɓa kallon Columbo ba kada ya fara da sayen kwali. Tafiyar shirin a hankali take, babu harbe-harbe, babu tseren motoci, Columbo ko bindiga ba ya son riƙewa, kuma wanda ya saba da finafinan da ake tashin bam kowane minti biyar yana iya gajiya kafin laftanar ya shigo. Ya fara da gajerun ɓangarorin da ke YouTube, ko fitowa biyu ko uku ta intanet idan yana da hanya, ko ya sayi zango ɗaya na gwanjo, zango na farko ko na uku, ya ga ko jininsu ya haɗu.

Wanda ya riga ya san yana son shirin, yana da talabijin matsakaiciya, kuma yana son abin da zai kunna ko babu sabis, da wutar sola ko ƙaramin janareta, kwalin DVD na dunƙule ne nasa. Shi ne zaɓin da zan nuna wa mafi yawan mutane, saboda ya haɗa cika da araha da rubutun ƙasan allo. Ɗalibin da ke son gyara kunnensa a Turanci ma nan ya dace da shi, tunda zai iya tsayarwa ya koma baya sau goma ba tare da ya ƙona data ba. Mai Faransanci kuma ya nemi bugun Faransa.

Mai babban allo, wanda yake da na'urar Blu-ray ko PlayStation kuma ya tabbatar da harafin yankinta, ya sayi kwalin zamanin NBC, domin a nan ne ƙarin kuɗin yake biyan kansa. Idan aljihu bai kai ga kwali na biyu ba, yana iya cike fitowa 24 na zamanin ABC da DVD, ba zai yi asarar abu mai yawa ba. Wanda kuma ya riga ya mallaki kwalin DVD yana tunanin sauyawa, girman talabijin ɗinsa ne zai yanke hukunci: ƙasa da inci 40 ya riƙe abinsa, daga inci 50 zuwa sama sauyin ya cancanci kuɗinsa.

Mazaunin Amurka ko Turai mai intanet marar iyaka, wanda ba ya son tara kaya a ɗaki ko yake yawan sauya gida, kallo ta manhaja ya ishe shi, muddin ya san cewa ranar da aka cire shirin sai ya koma neman faifai. Mai yawan tafiya da ke son kallo a waya ko a jirgi ya sayi 'yan fitowar da ya fi so a dijital ya sauke su, sauran kuma ya bar su a faifai a gida.